Ranar da Sidi Ya Fara Ce Mini Malam

Ni fa ban ce zan rubuta komai ba, a shaida. Gidanmu ba a rasa masu karatu ba. Ga Kawu da gilashinsa da takardun shaida har sun cinye bangon falo, ga 'yar ƙanwar Umma da ke gyara wa mutane Larabci ko ba su roƙe ta ba. Duk aka tsallake su aka sauka a kaina, ni da na ajiye boko a rabin hanya, ni da aikina farke cikin waya a wani ɗan shago a unguwar Bani Malik. Sitti ce ta ɗaure ni. Sitti kakata ce, mahaifiyar Umma, Sidi kuwa mijinta, shi ne wanda muka rasa. Haka mu 'yan Jidda muke kiran kakanni. Ta ce, "Da yatsun nan ka ɓata shi, da su za ka gyara. Yalla, rubuta." Na ce Sitti, ni ban iya ta'aziyya ba. Ta ce, "Ai ka iya tsiya. Yi ta a hankali, za ta zama ta'aziyya."

To ga ta nan. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Sidi ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Sa'alaba, fanka na juyawa, Sitti na riƙe da ƙafarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa makwancinsa ya fi masa ɗakin nan sanyi da faɗi. Kwana uku muka jera kujeru a ƙofar gida kamar yadda ake yi a nan. Ni ne mai zagayawa da butar gahawa da dabino, saboda haka babu wanda ya zo ban ga fuskarsa ba.

Wallahi ban san Sidi yana da mutane haka ba. Likitoci da injiniyoyi 'yan kwangila sun zo da katin aiki rataye a wuya. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa sun zo da kayan aikinsu a jiki, ko wanka ba su koma sun yi ba. Sai kuma mutanenmu marasa iƙama, wato takardar zaman ƙasa, waɗanda suka zo Umra suka manta hanyar komawa. Su ta lungun baya suke ɓullowa, su zauna a kujerar ƙarshe, ido ɗaya a kan masu makoki, ɗaya a kan titi. Kuma kowa in ya gama "ya haƙuri", kusan magana ɗaya yake yi. Wani ƙato, irin mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, ya riƙe hannun Kawu yana kuka: "Duk Jiddan nan shi kaɗai ya san sunan uwata." A cikin gida ma Umma ta ce wata tsohuwa ta zauna tana ta maimaitawa, yanzu in ta mutu wa zai faɗi daga ina take.

Ina zuba wa wasu samari biyu gahawa, ban san su ba, sai na ji ɗaya ya raɗa wa ɗan'uwansa: "Ya shekh, ai shi ne tsohon nan na bidiyon raƙumi." Ɗayan ya toshe baki yana danne dariya. Butar ta kusa suɓuce mini. Ba su san mai zuba musu gahawa shi ya ƙera raƙumin ba.

Kawu ma ya ji. Da aka watse ya ja ni gefe ya ce, "Ranar uku in an tashi, ka kawo mini kaset ɗin waƙoƙin Baba da wayarka. Kaset a ƙone, na waya a goge. Ba zan bari ana rubuta wa Baba zunubi yana kwance ba." Na ce to, Kawu. Kuma in faɗi gaskiya, a lokacin har wani sanyi na ji a raina. Ni da na yi ɓarnar, me zai sa in ƙi a share wurin?

Bari in koma baya, don wanda bai san Sidi ba.

Ɗan gajere ne, siriri, kunnuwansa sun fi ƙarfin kansa, ni na gaje su. Ya yi dako a tasha tun yana da ƙarfi, da baya ya gaji ya koma gadin wani sito. In ya zauna, yatsunsa uku na dama ba sa hutawa, kullum suna bugun gwiwa kamar akwai abin da yake ji wanda mu ba ma ji. Ko a sahu ana jiran liman, sai Kawu ya harari hannun sannan ya tsaya.

Babbar ɗabi'arsa tambaya. Duk baƙon da ya sauka daga gida, ko a baƙala, kantin unguwa, suka haɗu mutum na sayen burodi, sai Sidi ya tare shi: "Wane gari? Wace unguwa? Sunan mahaifiyarka?" Wasu har tsorata suke yi, su ɗauka ɗan rahoto ne. Ni nakan ce, "Sidi, ko masu kamen iƙama ba su kai ka bincike ba. Saki bawan Allah ya ci burodinsa." Sai ya ce, "Rufe mini baki, ɓarawon matata. Kai in ka ɓata ba a buƙatar tambaya, kunnuwanka sun isa shaida." Ba ya rubutawa, bai iya ba. A ka yake ajiyewa. Bayan shekara goma ya gan ka, zai ce ya mutanen unguwa kaza, ya Hajiya wance, ta samu sauƙin ƙafar?

Ɓarawon matata, sunana ke nan a bakinsa tun ina rarrafe, don nakan ce Sitti matata ce, shi riƙo na ba shi. Wasan jika da kaka, kun san shi, amma namu ya wuce na kowa. Na taɓa zuba masa gishiri a shayi, ya shanye tas bai ko yamutsa fuska ba. Washegari na tashi zan fita na tarar da takalmana a cikin firiza, sun daskare kamar kifi. Ni ina ce masa Tsohon Kaboyi, shi yana ce mini kunnen faranti. Doka ɗaya ce, shi ya kafa ta: "Ka yi mini a gaban idona, in rama a gaban idonka. Halas." Ku riƙe wannan dokar, ita na karya.

Lokacin da na daina zuwa makaranta gidan ya kama wuta. Umma na kuka, Kawu ya ce a tura ni Najeriya, ƙasar da ban taɓa gani ba sai a waya, ko zan yi hankali. Sidi bai yi musu da kowa ba. Ya sa hularsa, ya kama hannuna, muka hau mota har Bani Malik wurin wani mai gyaran waya wanda ya san sunan uwarsa. Ya ce masa, "Ga wannan. Kansa rariya ne, amma yatsunsa nawa ne." Duk abin da na iya da waya daga ranar ya fara. Har da abin da na yi masa.

Kaboyin kuwa ba sharri na yi masa ba. Sidi na son waƙoƙin nan na Turawan karkara, masu faffaɗar hula da jita, waɗanda murya ke fitowa ta hanci. Turancinsa bai kai kalma goma ba, amma sai ya fassara maka. "Wannan matarsa ce ta tafi. Wannan garinsu ya yi masa nisa. Wannan saniyarsa ce ta mutu." Na ce Sidi, ya aka yi ka sani? Ya ce, "Makiyaya ne fa. Me ya raba su da mu? Hula."

Mun san a gida cewa ya taɓa yin kiɗa, har akwai kaset, amma magana ce da ba a ɗagawa. Umma ta ce tun ranar da Kawu ya dawo daga karatu ya zauna gaban ubansa ya roƙe shi ya bar gurmi don Allah. Sun yi ta har muryoyi suka tashi, Kawu na jawo hujja, Sidi na cewa kai ba ka san abin da ke ciki ba, kuma ya ƙi faɗin abin da ke cikin. Daga ƙarshe ya ɗauko gurmin, ya kwance igiyoyin, ya miƙa wa Sitti ya ce ta ɗaure labule da su. Bai sake taɓawa ba. Kiɗan ya koma gwiwa. Kaset ɗin kuma ya koma cikin wani tsohon gwangwanin halawa a saman durowa, naɗe da tsumma.

Wata Juma'a bara, bayan an sauko masallaci, ya kira ni ɗaki ya tura ƙofa. "Kunnen faranti, abin nan ya fara shaƙewa. Mayar mini da shi cikin waya kada ya riga ni mutuwa." Na aro tsohuwar rediyo mai kaset a wurin wani ɗan Yaman, na haɗa wayoyi, muka zauna. Waƙa tara ce. A jikin kaset ɗin wani ya rubuta da ajami: Ba Mu Koma Ba.

Ban taɓa jin irinsa ba. Gurmi ne a gaba, irin na gida, amma a bayansa jita na tafiya irin ta kaboyi, tinƙis-tinƙis kamar doki ya gaji, ga wani abu na bugawa dum-dum wanda ba ganga ba. Muryar Sidi ce yana saurayi, tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Hausar ta yi mini zurfi, ta ƙauye ce, ga kaset ya tsufa, ni kuma tawa Hausar ta Jidda ce, rabi Larabci. Ina tsintar sunan gari nan, sunan kasuwa can, ban damu in haɗa su ba. A waƙa ta shida akwai wani siririn kuka can baya. Na ce, "Sidi, har da mage kuka ɗauka a ƙungiyar?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Magen nan na nan da ranta, ka bi ta a hankali." Can ƙarshen waƙar sai maganar ta yanke, muryarsa ta karye, ta hau sama, ta faɗo, ta sake hawa, irin yadda kaboyi ke yi in suna kiran shanu daga nesa. Na fashe da dariya har na kwanta a kan kafet. Shi bai yi ba. Ya juya yana kallon bango, yatsun nan uku sun tsaya cak. Na gani. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba.

Washegari a shago babu kwastoma, shaiɗan ya samu kujera kusa da ni. Na yanko wannan wurin, sakan goma sha biyar, na ɗora a kan bidiyon wani raƙumi yana tauna, leɓensa na karkacewa daidai inda muryar ke karyewa. Ya zauna kamar don shi aka yi. Na tura wa abokaina mutum biyar kacal, na rubuta a ƙasa: Tsohon Kaboyin Sa'alaba. Mutum biyar fa. Kafin Juma'a ta zagayo an turo mini shi daga Makka, an turo mini daga Kano. Wani ya sa masa bugu aka yi rawa da shi a biki. Kuma tunda na rubuta Sa'alaba da hannuna, ba a sha wuyar gane mai muryar ba.

A baƙala ya ji. Mai baƙalar ne ya gaya mini daga baya. Sidi na zaɓen tumatir, wasu samari suka kunna a bayansa, ɗaya ya kwaikwayi muryar. Ya mayar da tumatir ɗin ɗaya bayan ɗaya inda ya ɗauko su, ya fita.

Na shirya wa komai. Na shirya wa sanda, na shirya wa zagi, na ɓoye takalmana. Da safe na shiga gaishe shi, na ce, "Tsohon Kaboyi, an tashi?" Ya gyara zama, ya ce, "Lafiya lau, Malam. Kun tashi lafiya? Ya aiki?"

Malam. Kun.

Na ce Sidi, mene ne haka? Ya ce, "Babu komai, Malam. Allah Ya yi albarka." Ya miƙo mini hannu muka gaisa, kamar baƙon da ya zo duba mitar wuta.

Wata takwas yana ce mini Malam. In na shigo sai ya sa a kawo mini shayi a kofin baƙi. Na zuba gishiri a nasa, ya kurɓa, ya ajiye, ya ce wa Sitti a hankali, "Ina jin an yi kuskure a shayin nan." Na saci hularsa na sa na zauna a gabansa, ya ce, "Ta yi muku kyau, ku riƙe." Na ce yau zan ɗauke matata, riƙo ya ƙare. Ya ce, "Allah Ya ba da zaman lafiya." Wallahi da fasa mini kai ya yi da ya fi mini. Na goge raƙumin daga wayata, na bi mutum biyar ɗin nan ɗaya-ɗaya na tsaya a kansu suka goge, amma ya'ani me aka yi? Yana can a wayoyin da ban san masu su ba.

Sau ɗaya na durƙusa sosai na ce ya yafe mini, wasa ne. Nan ne kawai ya ɗan fito daga cikin Malam ɗin. Ya ce, "Wasa da wa? Ina wurin? Waɗanda suka yi dariyar, ina zan same su in rama?" Sai kuma ya koma: "Ku tashi, Malam, kada gwiwarku ta yi ciwo." Ban sake iya ɗaga maganar ba. Na ce sai ya huce. Na ce bayan azumi. Na ce bayan Hajji in gari ya lafa. Talatar nan ina shago ina canza wa wani gilashin waya Umma ta kira.

Rana ta biyu ta zaman makoki aka turo wani tsoho a keken guragu, mutumin Damagaram, ido ɗaya ya tafi. Sitti ta aiko daga ciki, a gaya wa Mai Jarka, haka take kiransa, ta gode, ta san zai zo. Da na kai masa gahawa ya kama kunnena ya shafa, ya ce, "Kai ne jikan. Kai ne mai raƙumi." Na ce ni ne, Baba. Ya ce zauna.

Ashe shi ne mai dum-dum ɗin nan, kuma jarkar zamzam ce babu ruwa. Ya ce su uku ne: shi, da Sidi da gurmin da ya haɗa da gwangwani da igiyar kamun kifi, da wani ɗan Filibin mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda ke da jita, shi ya kawo tafiyar kaboyin. "Ba ma jin yarensa, ba ya jin namu, Larabcin mu ukun in ka haɗa bai cika kofin nan ba. Amma in kakanka ya ja, shi sai ya bi." Hausawa suka ce wannan kiɗan Turawa ne. Abokan mai jita suka ce wannan ba kaboyi ba ne, ba su ma san mene ne ba. Ko sau ɗaya ba a taɓa gayyatarsu biki ba.

A cikin wata tsohuwar kwantena suka ɗauka, a bayan sito, ranakun Juma'a da rana tsaka lokacin da ba kowa. Dole a rufe ƙofa saboda ƙarar titi, fanka kuma a kashe, don ƙararta tana shiga kaset. "Shi ya sa babu waƙar da ta kai minti uku, ɗana. Ba gwaninta ba ce. In ka wuce haka, a kwance za a fito da kai." Kakarka ce ke kawo mana abinci, in ji shi, kuma in an rufe ƙofa tana ciki, to da ita za a yi. Ba a maimaitawa. Abin da ya shiga ya shiga.

Na ce Baba, waƙoƙin na soyayya ne? Ya dube ni da idon nan ɗaya har na ji kamar biyu ne.

"Kai ba ka saurara ba ko? Kowace waƙa mutum ce. Mutum tara." Ya ce a wancan lokacin in marar takarda ya mutu a nan, a yi masa salla, a binne, halas. Babu waya, gida ba wanda zai sani. Mace na can ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Uwa na can duk jirgin alhazai ya sauka sai ta aika a dubo. Wasiƙa kuwa wa zai rubuta, wa zai kai, a ƙofar wa? Sai Sidi ya ce a sa a waƙa: garin mutum, unguwarsu, sunan mahaifiyarsa, tabon da ke fuskarsa, da cewa an wanke shi an binne shi da mutunci. Suka yi ta kwafa suna ba alhazai masu komawa, a cusa tsakanin dabino da tasbaha. "Takarda mutum ɗaya zai karanta ya ninke. Kaset kuwa direba zai sa a mota, mai shayi zai sa, har ya faɗa kunnen wanda ya san unguwar. Kuma da yake kiɗan baƙo ne, sai mutane su tsaya su ji wai mene ne wannan." Ya ce gidaje huɗu sun aiko da amsa. Sauran biyar ba a sani ba har yau.

Wane gari, wace unguwa, sunan mahaifiyarka. Ni kuma ina ce masa ɗan bincike.

Ban so in tambaya ba, bakina ne ya tambaya. Na ce ta shidan fa?

"Ƙaninsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, tare suka zo. Zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi zuwa asibiti don tsoron takarda, kwana biyar aka yi. Uwarsu na raye a lokacin. Kakanka ya faɗi garin, ya faɗi unguwar, da ya zo kan sunan mahaifiya, sunan tasa uwar ke nan, sai bakin ya ƙi. Abin da ka ji ba salon kaboyi ba ne. Mai jita ne ya ƙi tsayawa, ya rufa masa asiri, ya bi kukan da jita har ya zama kamar waƙa."

Na ajiye butar. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Ranar uku da safe Sitti ta kira ni, ta miƙo mini gwangwanin halawa. Ta ce, "Naka ne, shi ya ce." Na ce Sitti, da wane suna ya kira ni? Malam ya ce? Ta ce, "Bai ce komai ba, bakin ya riga ya yi nauyi. Ya nuna gwangwanin, sannan ya kama kunnensa ya ja." Ban sani ba ko tsiya ce ta ƙarshe, ko dai hanya ce kawai ta nuna wanda yake nufi. Na tambaye ta ko ya yi murmushi, ta ce ba ta lura ba. Ni dai na ɗauke shi zagi, don zagin nake buƙata. Amma mai amsar ya tafi da ita.

Da aka kwashe kujeru muka zauna a falo, ni da Umma da Kawu, Sitti na can kusurwa cikin mayafin takaba. Kawu ya miƙo hannu. "Kawo."

Na ce, "Kawu, in yi magana?"

"Ka yi wadda ta isa ai. Duniya ta ji."

Na ce raƙumin nan ba ya goguwa, na gwada. In muka ƙone kaset muka goge na waya, abin da zai rage na muryar Sidi a duniya sakan goma sha biyar ne a bakin raƙumi. A bar ni in saki waƙoƙin cikakku, da bayanin kowace, mutane su san me suka yi wa dariya. Na faɗa masa abin da Mai Jarka ya faɗa mini.

Kawu ya cire gilashi. Idanunsa sun yi ja, sai a lokacin na ga shi ma bai yi barci ba tun Talata. Ya ce, "Wa ya jawo? Ka kunyata shi yana raye, yanzu kana so ka ƙara masa kaya yana kabari? Niyyarsa mai kyau ce, na ji, Allah Ya ba shi lada. Amma kiɗa kiɗa ne. Ni ubana nake ji wa tsoro. Kai sunanka kake son wankewa."

Rabin maganar tasa gaskiya ce. Umma ta ce, "Yaya, a ɗan bari zuciya ta huce mana." Ya ce, "Shekara nawa ina bari?" Na ɗauko gwangwanin na miƙa. Har yatsunsa sun taɓa murfin.

"Kunna ta shida," in ji Sitti.

Ku sani, Kawu ɗan fari ne, Sitti ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko ruwa za ta ce ya sha, sai ta ce a gaya wa wancan. Na kunna a waya. Gurmi ya shigo, jita ta biyo, jarka na dum-dum. Sidi ya faɗi garin. Ya faɗi unguwar. Siririn kukan nan ya taso daga baya. Sitti ta ɗaga hannu. "Tsaya. Maido." Na maido, kukan ya sake tasowa.

Abin da ta faɗa shi ne maganar ƙarshe da aka yi a kan kaset ɗin nan a gidanmu. Shi ya sa gwangwanin ke wurina, shi ya sa kuke ganin waƙoƙin tara a ƙasan rubutun nan. Duk wanda ya taɓa yin dariyar raƙumi, laifin nawa ne ba nasa ba, amma ina roƙonsa ya saurari ta shida har ƙarshe, ya yi wa wa da ƙani addu'a. Allah Ya haɗa su inda ba a tambayar takarda.

Ta janye mayafi, ta dubi Kawu ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ta ce:

"Wannan kukan naka ne. Kana bayana a goye, zafi ya ishe ka, ka fi kowa ɗaga murya a kwantenar nan. In haramun aka yi, da kai aka yi. Je ka tuba da naka kason, ka bar mini muryar mijina."